Yadda Ake Ba Gwamnati Rance na Wata Uku, Wata Shida ko Shekara Guda

Ba kowane kuɗi ne ake ba gwamnati rancensa ba. Wanda ya dace shi ne kuɗin da ka san ranar da za ka neme shi, ranar kuma ba gobe ba ce, ba kuma nan da shekara biyar ba. Kuɗin makarantar yara na watan Satumba da ya shigo hannunka tun Mayu. Kuɗin haya da mai gida zai zo karɓa a Janairu. Garatutin tsohon ma'aikaci da bai gama shawarar abin da zai yi da shi ba. Ko jarin ɗan kasuwar Tudun Hatsi da ya sayar da masara da wake a tsakiyar damina, ba zai sake awo ba sai kaka ta kama. Irin wannan kuɗi in aka bar shi zaune a asusu, ɗayan biyu ke samunsa: ko a yi ta yagarsa kaɗan-kaɗan, yau biki, gobe suna, jibi ɗan'uwa ya zo da kukansa, ko kuma ya zauna daram a lissafi alhali tsadar kaya tana cinye ƙarfinsa.

Ni malamin lissafi ne a nan Gombe, ni ne kuma ma'ajin ƙungiyar taimakon juna ta malaman makarantarmu. Kuɗin jama'a yana taruwa a hannuna tun farkon shekara, ba a rabawa sai Disamba, wannan nauyin ne ya sa na zauna na koyi harkar takardun baitulmali, wato hanyar da ake ba gwamnati wannan rance.

Magana ta farko, don kada kowa ya shiga da ido rufe: abin da gwamnati ke ɗorawa a kan wannan rance kuɗin ruwa ne. Ni Kirista ne, daga ƙasar Tangale, amma abokan aikina da yawa Musulmi ne, kuma malamansu sun karantar da su cewa haramun ne. Ban taɓa lallashin kowa a kai ba. A ƙungiyarmu asusu biyu muka buɗe, kowa ya zaɓi inda hankalinsa ya kwanta, kuma har yau ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba. In kana cikin waɗanda kuɗin ruwa ba ya shiga aljihunsu, akwai Sukuk, zan zo kansa a gaba. Amma ka daure ka karanta lissafin, zai yi maka amfani ranar da wani ya zo maka da romon baka.

Takardun baitulmali, waɗanda ma'aikatan banki ke ce wa tireshari bil, takardun bashi ne da Babban Bankin Najeriya, CBN, ke sayarwa a madadin gwamnatin tarayya. Wa'adinsu iri uku ne: kwana 91, kwana 182 da kwana 364. Ana gwanjonsu kusan duk bayan mako biyu, galibi ranar Laraba. Ba wata takarda za a miƙa maka ka sa a akwati ba, rubutu ne a kwamfutar banki da sunanka.

Yadda ake biyan ladan ne ya bambanta su da sauran ajiya. Ba a jira sai ƙarshe a ɗora maka wani abu. Tun ranar saye ake yi maka rangwame. Mu ɗauka kana son takardar Naira 1,000,000 ta kwana 364, kuma a ranar an tsaya a kan kashi 18 cikin 100. Sai a ɗauki kashi 18 na miliyan ɗaya, wato 180,000, a ninka da 364, a raba da 365. Ya ba da 179,507. Wannan shi ne rangwamenka. Abin da zai bar hannunka Naira 820,493 ne, ranar da wa'adi ya cika kuma a zuba maka miliyan ɗaya cif. Wasu bankunan sukan cire miliyan ɗayan gaba ɗaya, sannan su dawo maka da rangwamen a ranar ko washegari. Duk abu ɗaya ne. Ka lura kuma, tunda 820,493 ka bayar ka samu 179,507, ainihin abin da kuɗinka ya haifa ya kusa kashi 22, ba 18 ba. Ka riƙe wannan a ka in za ka gwada shi da wata ajiyar da ke biya a ƙarshe.

Ga inda mutane suka fi yin tuntuɓe. Kason da za a faɗa maka na shekara ne, ko da takardar ta wata uku ce. Ƙanwata da ke sayar da atamfa a babbar kasuwa ta taɓa kirana tana murna, ta ce: "Yaya, an ce min kashi 16 a wata uku, ashe miliyan ɗaya za ta haifi dubu 160!" Na ce mata ta ɗauko biro. Kashi 16 na miliyan ɗaya, a ninka da 91, a raba da 365, Naira 39,890 ke nan. Ta yi shiru, ta ce to ai dila ɗaya ta atamfa ta fi wannan kawo mata. Gaskiyarta ce, shi ya sa na ce mata ta bar jarinta a shago, ta sa kuɗin hayar shagon kawai, wanda dama ba ta juya shi. Duk wanda ke da sana'ar da ke juya kuɗi da kyau, kada ya zare jarinsa ya kai wa gwamnati.

Daga cikin ladan kuma akwai abin da za a rage. A ƙarshen 2025 hukumar tara haraji ta ƙasa ta umarci bankuna da dillalai su riƙa cire kashi 10 cikin 100 na ladan irin waɗannan takardu na gajeren wa'adi. A misalin ƙanwata, 39,890 ta koma kusan 35,900. Banki ma yana da ɗan abin da yake ɗauka na ajiya. Saboda haka kada ka wadatu da jin kaso, ka nemi a faɗa maka adadin Naira.

To yaya ake saye? Tun 2017 aka ɗaga mafi ƙarancin abin da mutum zai shiga gwanjon CBN da shi da kansa zuwa sama da Naira miliyan 50, don haka ni da kai ta hannun banki za mu bi. Kada ka wahalar da kanka zuwa reshen CBN na Gombe, ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane a can. Bankinka na yau da kullum, ko a titin Biu yake ko a Kumo ko Bajoga, yana iya yi maka ta hanya biyu. Ko ya haɗa kuɗinka da na sauran abokan hulɗarsa ya shiga gwanjon, ko ya sayar maka daga cikin takardun da ya riga ya mallaka, wato kasuwar hannu na biyu. A ta biyun ba sai ka jira Laraba ba, kuma kana iya samun wa'adi kowane iri, kamar kwana 47 ko 130, gwargwadon abin da ya rage wa takardar. Sai dai kason yakan ɗan gaza na gwanjo, domin banki ma sai ya ci nasa. Mafi ƙarancin kuɗin shiga ya danganta da banki, da yawa suna farawa daga Naira 50,000 ko 100,000. Wasu bankunan sun sa abin a manhajarsu ta waya, amma a karon farko na fi so mutum ya je da ƙafarsa.

Abin da ake buƙata bai da yawa: asusu mai aiki, lambar BVN da ta NIN, da kuɗin a cikin asusun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar gwanjo. In ka shiga, kada ka tsaya a layin masu cire kuɗi, ka nemi jami'in da ke kula da asusunka. Za a ba ka fom. A ciki akwai gurbin da ake tambayar kason da kake so. Shawarata, ka ce ka yarda da duk inda gwanjo ya tsaya. In ka rubuta kaso mai yawa, gwanjo kuma ya tsaya ƙasa da shi, tayinka ya faɗi, a mayar maka da kuɗinka ka sake jiran mako biyu babu ko kwabo.

Kafin ka sa hannu, ka dubi jami'in ka ce: "Malam, rubuta min a takarda, nawa zai fita daga asusuna yau, nawa zai shigo, a wace rana, bayan an cire haraji da duk wani caji." Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan tambayar ba. Sannan ka duba sakamakon gwanjon da ya gabata, jaridu suna bugawa, CBN ma tana sawa a shafinta na intanet. In gwanjo ya tsaya a 18, bankinka yana ba ka 13, ka tsallaka ka tambayi na kusa da shi. Na sha ganin bambancin kashi biyu ko uku tsakanin bankuna biyu da ke kallon juna a titi ɗaya.

Sau da yawa jami'in zai ce: "Yallaɓai, me zai hana ka sa a ajiyar wa'adi tamu? Ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. A ajiyar wa'adi banki kake bi bashi, a takardar baitulmali gwamnatin tarayya kake bi. In banki ya durƙushe, abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci Naira miliyan 5 ne, tun bayan ƙarin da aka yi a 2024. Waɗanda ke da fiye da haka a bankin Heritage, lokacin da CBN ta soke lasisinsa a Yunin 2024, sai da suka jira a sayar da kadarorinsa. Ga mai Naira 300,000 wannan bambancin bai da nauyi sosai, ya duba wanda ya fi biya kawai. Ga mai garatutin miliyan 15 kuwa, babbar magana ce.

Akwai wani ɗan gurbi a fom ɗin da mutane ke cikewa a gurguje: me za a yi in wa'adi ya cika? Ko a dawo maka da kuɗinka, ko a sake juya uwar kuɗin, ko a juya uwa da ladanta. In ka san kana da buƙata a ranar, ka zaɓi a dawo maka da shi, ka kuma tabbata an rubuta. In aka juya ba da saninka ba, an ɗaure kuɗin ke nan na wani wa'adin, a kan kason ranar, ko mai kyau ne ko maras kyau. Ladan da ake biya tun farko kuma yana da saurin narkewa, domin yana faɗowa asusu kamar kyauta. Ni dai nakan haɗa shi da uwar kuɗin tun wajen saye: mai 820,000 a hannu ya nemi takardar kusan miliyan ɗaya, maimakon ya nemi ta 820,000 a dawo masa da canji ya kashe.

Wajen zaɓen wa'adi, daga ranar buƙata ake ƙirgowa baya, a bar ratar mako biyu. Kuɗin makaranta na tsakiyar Satumba, takardar ta cika a ƙarshen Agusta. Na kwana 364 yakan fi biya, amma kada yawan kason ya ja ka ka ɗaure kuɗin da za ka nema bayan wata huɗu. Ana iya sayarwa kafin wa'adi, gaskiya ne, sai dai banki zai sake lissafi ne a kan kason ranar da ka zo, ba na ranar da ka saya ba. Mu koma kan takardar nan da ka biya 820,493. A ce bayan kwana 30 matsala ta taso, kuma kason kasuwa ya hau zuwa 22. Saura kwana 334, rangwamen da banki zai cire 201,315 ne, ya ba ka 798,685. Ka yi asarar sama da Naira 21,000 daga uwar kuɗinka, a takardar da aka ce maka babu asara a cikinta. In ka kai rabin wa'adi kafin ka sayar a wannan kason, za ka karɓi 890,301, ka ci riba, amma ta gaza da kusan 20,000 a kan abin da za ka samu da kason bai motsa ba. Maganin wannan shi ne kada a zuba duka a tukunya ɗaya. A ƙungiyarmu nakan raba gida uku, wani na kwana 91, wani na 182, wani ya cika dab da rabon Disamba, ta yadda in memba ya zo da larurar asibiti akwai wanda ya kusa nuna. Kuɗin ko-ta-kwana na gida kuwa, wannan a asusu yake zama, ba a taɓa shi.

Yanzu sai gaskiyar da masu tallar abin ba su cika faɗa ba. Takardar baitulmali rumbu ce, ba gona ba: tana rage ɓarna ne, ba ta yin arziki. A 2024 CBN a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, takardun kwana 364 suka haura kashi 20, mutane suka yi ta rububi. Amma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.80. Wanda ya sa kuɗinsa ya karɓi Naira masu yawa, sai dai abin da suka saya masa a kasuwa bai kai na bara ba. Ya fi wanda ya bar nasa kwance, iyakar abin ke nan. A ƙarshen 2020 kuwa kason ya faɗi ƙasa da kashi 1, bayan da CBN ta hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba sayen wasu takardunta na daban a Oktoban 2019, kuɗi suka yi ambaliya zuwa waɗannan. A lokacin ko kuɗin Keke Napep zuwa banki da kyar ladan zai biya wa mai ƙaramin kuɗi. Don haka kason da maƙwabcinka ya samu bara ba alkawari ba ne a gare ka bana.

Wani zai ce to gara ya sayi hatsi ya ajiye. In ka san harkar, kana da sito mai kyau da maganin ƙwari, wata shekarar hatsi zai fi. Amma waɗanda suka tara masara da tsada suna jiran ta ƙara hawa sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Ita takardar gwamnati, tun ranar farko ka san adadin da za ka karɓa da ranar karɓarsa, wannan sanin shi kake saye.

Ba ta kuma kare ka daga faɗuwar Naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta wuce 1,500. Duk abin da farashinsa ke bin dala, injin ban-ruwa ne na Dadin Kowa ko karatun yaro a waje, wannan hanyar ba za ta kamo shi ba. Gwamnati kuma, ko da yake ita ce mafi amincin mai cin bashin Naira, ba a ce ba ta taɓa shiga matsi ba a ko'ina. A Disambar 2022 Ghana ta nemi masu riƙe da takardunta na cikin gida su karɓi sababbi masu dogon wa'adi da ƙarancin lada. Abin lura shi ne ta tsame takardun baitulmali na gajeren wa'adi daga cikin shirin. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi natsuwa da gajeren wa'adi in kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Wanda kuɗinsa bai kai na banki ba, ko yake iya haƙurin shekara biyu zuwa uku, ya dubi FGN Savings Bond, wanda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ya ɓullo da shi a Maris 2017 domin masu ƙaramin ƙarfi. Ana farawa daga Naira 5,000, a riƙa ƙarawa dubu-dubu, iyakarsa miliyan 50. Ana buɗe shi a makon farko na kowane wata, Litinin zuwa Juma'a, DMO ce ke sanar da kason tun kafin a saya, ana kuma biyan lada duk bayan wata uku. Ba a kantar banki ake saye ba, sai ta hannun dillalin hannun jari da DMO ta amince da shi, shi zai buɗe maka asusun CSCS inda za a rubuta mallakarka. Yawancin dillalan a Legas da Abuja suke, amma ta waya da intanet ake gama komai. Na fi ba 'yan fansho shawararsa, saboda ladan yana zuwa a kai a kai.

Sukuk kuma ginin sa daban ne. Ba rance da ruwa ba ne, masu saye suna da rabo ne a aikin hanya, gwamnati tana biyansu haya duk wata shida, kuma kwamitin malaman da ke ba CBN shawara kan hada-hadar kuɗi ta Musulunci ya tantance shi. Na farko an fitar da shi a Satumbar 2017, Naira biliyan 100 na shekara bakwai, aka zuba a hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar nan, ciki har da tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Azare da Potiskum. Duk wanda ya bi hanyar ya ga allunan Sukuk a gefen titi. Ana shiga da Naira 10,000. Sai dai a sani, wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma, ba kuma kowane wata ake fitar da shi ba, sai an kasa kunne. Ana iya sayarwa ta hannun dillali kafin lokaci, amma a farashin ranar. Saboda haka kuɗin wata uku ko shida ba na Sukuk ba ne. Abokan aikina Musulmi irin wannan sukan kai shi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, a tsarin mudaraba, inda ake raba ribar da aka samu maimakon a yanke kaso tun farko.

Ko ba ka taɓa sayen ko ɗaya ba, sanin kason gwamnati ma'auni ne a hannunka. In gwamnatin tarayya da kanta tana biyan kashi 18 a shekara, wa ke da sana'ar da zai ba ka kashi 30 a wata? MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma duka biyun sun samu malaman makaranta irina, masu ilimi, waɗanda matsin rayuwa ya tura. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu wanda ke sayar da takardar gwamnati ta WhatsApp, babu kuma dalilin tura kuɗinta zuwa asusun wani mutum, ko da ma'aikacin banki ne kuma ɗan unguwarku. Daga asusunka banki ke cirewa da kansa. In dillali ne, ka duba sunansa a jerin da hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta yi wa rajista kafin ka tura ko sisi.

Bayan an saye, ka karɓi takardar shaida daga banki mai ɗauke da adadin kuɗin, kason, da ranar cikar wa'adi, ka ɗauki hotonta a waya, ka ajiye ta asali tare da takardun fili. Ka gaya wa mai ɗakinka ko babban ɗanka bankin da ranar, domin ba a ganin wannan kuɗin in an duba ragowar asusu, kuma magada ba sa neman abin da ba su san da shi ba. In kuɗin ƙungiya ne ko na adashi, a saya da sunan ƙungiyar, daga asusun da mutum biyu ko uku ke sa wa hannu, a karanta ranar cikar wa'adin a gaban taro a rubuta ta a littafin ƙungiya.